Faifan birki da fad na ƙaramar mota: a ina zan rage kuɗi, a ina bai kamata ba?

Maman_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Ina da Toyota Yaris ƙirar 2010, da ita nake kai yara makaranta in wuce wurin aiki, tafiyar nesa kuwa sai jefi-jefi. Yau kusan sati uku ke nan, da na taka birki sai in ji wani siririn ƙara daga tayar gaba, in kuma ina cikin gudu na taka, sitiyari ya dinga karkarwa a hannuna. Bakaniken da ke duba min ita ya ce fad ɗin gaba, wato abubuwan da ke matse faifai in an taka birki, sun ƙare, faifan birkin ma gara a canza duka biyun. Da na je tambayar kaya sai aka jero min kala huɗu: na kwalin kamfanin motar, da wasu biyu masu matsakaicin kuɗi, da wani mafi araha da ban taɓa jin sunansa ba. Har da wani faifai mai huje-huje da aka ce ya fi kama birki. Gaskiya na kamfani ya fi ƙarfin aljihuna a wannan watan, amma yara nake ɗauka, ba na son in yi ganganci. A ina zan iya rage kuɗi, a ina ne bai kamata in rage ba?

DirebanDare:
Wa alaikumus salam. Hajiya, birki ba wurin neman sauƙi ba ne, araha ba ta ado. Ki daure ki sayi fad na kamfani yanzu, faifan ya jira wata mai zuwa.

Tsohon_Bakanike:
Malam DirebanDare, rabin maganarka na yarda da ita, rabi kuma a'a. Ba a ɗora sabon fad a kan faifan da ba a auna ba, musamman ma tunda ta ce sitiyari na karkarwa. In faifan ya yi tudu da kwari, sabon fad ɗin zai ɗauki wannan siffar cikin 'yan makonni, kuɗin ya tafi a banza, karkarwar kuma tana nan.

'Yata, abu na farko: ki ce wa bakaniken ya cire taya ya auna kaurin faifan a gabanki. Kowane faifai akwai lambar da aka buga a gefensa ko a wuyansa, za ki ga MIN TH da adadi a milimita. Iyakar kaurin da zai iya aiki da shi ke nan. A irin motarki sabon faifan gaba milimita 22 ne, iyakarsa 19. Kin ga milimita 3 kacal ne rayuwarsa duka. Kada ya auna a bakin gefe, don gefen yakan yi leɓe inda fad ba ya taɓawa, sai ya nuna kauri na ƙarya. A tsakiyar inda fad ke gogawa ake aunawa, a wurare da dama kewaye da faifan.

Wannan siririn ƙaran da kike ji kuwa, akasari wani ɗan harshen ƙarfe ne da ake saka wa fad da gangan, in naman fad ya kusa ƙarewa sai ya fara taɓa faifai ya yi kuka don ya sanar da ke. In ƙaran ya koma gurnani mai kauri, to nama ya ƙare, ƙarfe ke cin ƙarfe, a ranar ki ajiye motar.

DirebanDare:
Na karɓi gyara, Baba. Amma dai kan na kamfani ina nan.

Injiniya_Bilki:
Bari in sa baki a kan na kamfanin. Masu ƙera mota galibi ba su ke yin fad da hannunsu ba, wasu kamfanoni ne ke yi musu su saka a kwalinsu. Advics da Akebono suna yi wa motocin Japan da yawa, a Turai kuma akwai su ATE, TRW, Bosch, Textar, Ferodo, Brembo. Waɗannan duk suna sayar da kaya da sunansu a kasuwa, kuma yawanci ƙasa da kuɗin kwalin kamfanin mota. Ba zan ce kullum haɗin da ke ciki iri ɗaya ne sak ba, amma mutanen da suka san aikin ne, suna da sunan da suke karewa. Ina kyautata zaton biyun nan na tsakiya da aka nuna miki daga cikin irinsu suke. Ki faɗa mana sunayensu.

Akwai kuma alamar da za ki duba a bayan fad ko a kwali: da'ira mai harafin E da lamba a ciki, sannan 90R. Ƙa'ida ce da ake kira ECE R90, wadda ta ce fad ɗin canji dole a gwada shi, ƙarfin kamunsa kada ya kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin ɗari, sama ko ƙasa. Lambar da ke cikin da'irar ƙasar da ta ba da shaidar ce, 1 Jamus, 2 Faransa, 11 Birtaniya. Daga Nuwamba 2016 aka shigar da faifan ƙananan motoci ma cikin ƙa'idar.

Abban_Yasmin:
Injiniya, masu jabu ma ai suna buga wannan alamar. Na taɓa sayen fad a kwali mai kyau, komai a rubuce, kafin wata biyu ya fara wari kamar ana ƙona roba. Da aka cire, naman ya tsattsage kamar busasshen taɓo.

Injiniya_Bilki:
Haka ne, alamar ba ta isa ita kaɗai ba. Amma rashinta a kan kayan da ba a san mai shi ba ya isa ya sa ka ajiye. Jabu kuma yakan tona kansa in ka juya shi a hannu: fenti mai kauri da aka shafa har kan nama, gefen ƙarfen baya da kaushi, rubutu da kuskure, lambar da ke kwali ba ta yi daidai da ta jikin fad ba, ko kuma babu siririn ƙarfen nan da ake mannawa a baya don kashe ƙara. In kuɗin sanannen suna ya faɗi ƙasa har ya ba ka mamaki, ka yi shakka.

ƊanKoyo22:
Ni dai faifan nan mai huje-huje ya burge ni. Motocin tsere ba shi suke sakawa ba? Ai zai fi fitar da zafi.

Tsohon_Bakanike:
Ɗana, motar kai yara makaranta ba ta buƙatarsa. Asalin hujin don fad na zamanin da ne, wanda in ya yi zafi yake fitar da iska tsakaninsa da faifai. Fad na yanzu ba ya yin haka sosai. Abin da hujin ke jawowa a faifai mai araha shi ne tsagewa daga bakin ramin, don nan ne ƙarfe ke da rauni in ya yi zafi ya huce, ya yi zafi ya huce. Mai tsage-tsagen layi kuma yana aske fad, ya ƙare da wuri. Zafin faifan gaba ta tsakiyarsa yake fita, ta waɗannan ƙofofin iska da ke tsakanin fuskoki biyu. Kuɗin da za ta ƙara a kan ado ta ƙara shi a kan fad.

Mai_Tasi_77:
Ni sana'ata ke nan, a shekara nakan canza fad sau biyu, wani lokaci uku. Abin da na koya da aljihuna: faifai za ka iya sayen mai sauƙi, fad ne ba a wasa da shi. Faifai zubin baƙin ƙarfe ne, ba wani sirri a cikinsa, in dai an zuba shi da kyau an daidaita fuskarsa. Fad kuwa haɗe-haɗe ne na abubuwa da yawa da aka gasa da danko, ba ka ganin abin da aka zuba a ciki, a nan marasa tsoron Allah ke ha'inci.

Sau ɗaya na sayi mafi araha don ina cikin matsi. A gari lafiya lau yake kamawa. Ranar da na ɗauko mutum huɗu da kaya muka shiga doguwar gangara, tun kafin mu kai rabi na ji ina takawa motar ba ta amsawa yadda ta saba, feda da tauri amma kamun babu. Giya na sauke zuwa na biyu, Allah ya tsare muka sauka. Washegari na cire shi. Tun daga ranar ban sake sa fad marar suna a motar da nake ɗaukar rayuka ba.

Abban_Yasmin:
Allah ya ƙara tsarewa. Amma a kan faifai ban yarda gaba ɗaya ba. Akwai masu arahar da ake rage musu nama, a faɗaɗa ƙofar iskar tsakiya, fuskokin biyu su zama sirara. Daga waje kaurin daidai yake, amma ka ɗaga shi da hannu ka ɗaga na asali, za ka ji bambancin nauyi. Ƙarancin ƙarfe kuwa yana nufin saurin ɗaukar zafi.

Mai_Tasi_77:
Wannan gaskiya ne, na taɓa gani. Shi ya sa na ce mai sauƙi, ban ce na ƙarshen ƙasa ba. Ta ɗauki faifai fili marar ado daga sunan da aka sani.

Malam_Lissafi:
Don a gane abin da ya sami Mai Tasi: birki gudun mota yake mayarwa zafi, aikinsa ke nan. Mota mai nauyin tan 1 da ke gudun kilomita 100 a awa, in ta tsaya cik, zafin da ke fita ya isa ya tafasa ruwan sanyi fiye da lita 1, kuma cikin daƙiƙu kaɗan. Mafi yawansa tayoyin gaba ke sha, don nauyin mota gaba yake zubowa in an taka birki, balle ƙaramar mota mai inji a gaba. In gudu ya ninka sau 2, zafin sau 4 yake ninkawa. Fad mai kyau shi ne wanda kamunsa ba ya faɗuwa in ya yi zafi.

Wasu fad ɗin, musamman na kasuwar Amurka, akwai haruffa biyu a gefensu ko bayansu, kamar EE, FF ko GG. Na farko kamunsa a sanyi, na biyu kamunsa a zafi. A ma'aunin ƙarfin kamu, E daga 0.25 zuwa 0.35, F daga 0.35 zuwa 0.45, G daga 0.45 zuwa 0.55. Ga ƙaramar mota FF ya yi daidai. In kika ga FE, wato yana raguwa in ya yi zafi, ni ba zan ɗauka ba.

Hajiya_Turai_M:
Ni tambayata a kan karkarwar sitiyarin ce. Bara na canza faifai biyu sababbi fil, wata huɗu karkarwa ta dawo. Bakanike ya ce faifan ne ya lanƙwashe don na shiga ruwa da birki mai zafi. Shin faifan ne marar kyau ko laifina ne?

Tsohon_Bakanike:
Hajiya, a shekarun da na yi ina wannan aiki, faifan da ya lanƙwashe da gaske kaɗan na gani. Abin da aka fi samu shi ne an ɗaura shi a karkace tun ranar farko. Wurin da faifai ke zama a jikin hob, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a kansa, yakan yi tsatsa. In ba a kankare ta da burushin waya har ƙarfe ya fito fes ba, sabon faifai zai zauna a kan ɓurɓushi, ya dinga layi kaɗan in yana juyawa. Layin da aka yarda da shi bai wuce kusan milimita 0.05 ba, bai kai kaurin gashin kai ba ma sau da yawa. Kowane juyi sai gefe guda ya shafi fad, bayan 'yan dubban kilomita wani wuri ya fi wani kauri, sai ki ji feda na bugun ƙafarki, sitiyari na rawa.

Na biyu kuma ɗaurin notin taya. A zo da bindigar iska a ɗaure wani kamar ba za a sake kwancewa ba, wani kuma sako-sako. Ana ɗaure noti ne a gicciye, kaɗan-kaɗan, a ƙarasa da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri. Na Yaris 103 Nm ne. Wannan ba ya cin ko sisi, kulawa kawai yake so.

DirebanDare:
Baba, amma ruwan fa? Ni ma haka aka koya min, kada a wanke mota birki na da zafi.

Tsohon_Bakanike:
Watsa ruwan sanyi a kan ƙarfe mai tsananin zafi ba alheri ba ne, ban ce a yi ba. Amma motoci nawa ke shiga ruwan sama kullum da birki mai ɗumi ba abin da ya same su? Kafin a ɗora wa ruwa laifi a duba hob, a duba boris ɗin taya ko yana da wasa.

Injiniya_Bilki:
Akwai na uku da Baba bai ambata ba. In ka yi birki mai ƙarfi daga gudu, fad ya yi zafi sosai, sannan ka tsaya ka danne feda ka riƙe, naman fad yakan manne a wuri ɗaya a fuskar faifai. Wani lokaci har siffar fad ɗin za ka gani a jiki. Shi ma yana kawo karkarwa, alhali faifan a miƙe yake.

Sabon_Direba:
Ku gafarce ni, tunda ana maganar birki. Nawa fedan ne ke nutsewa ƙasa in na daɗe ina takawa. Shi ma fad ne?

Malam_Lissafi:
Wannan ya fi kama da man birki. Nau'o'insa DOT 3 da DOT 4 suna shan danshin iska a hankali. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. Da ya tafasa sai kumfa, kumfa kuwa matsewa take yi, feda ya tafi ƙasa. Shi ya sa masu mota da yawa ke cewa a canza shi duk shekara 2. Ka duba murfin tankin, an rubuta irin wanda motarka ke sha. Kada ka zuba DOT 5, na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran. In kuma man yana raguwa da sauri, akwai inda yake yoyo, kada ka hau motar sai an gano wurin.

Ummu_Khairat:
Jama'a mun yi nisa da tambayar Maman Sadiq. Ni abin da nake so in ji, fad na seramik ko mai rabin ƙarfe? Don duk inda ka je wannan tambayar ake maka. Ni seramik na saka a tawa shekara biyu ke nan, ba ƙara, ba wannan baƙar ƙurar da ke ɓata wili, kuma har yanzu da sauran nama. Ga mai zirga-zirgar gari ban ga abin da ya fi shi ba.

Mai_Tasi_77:
'Yar'uwa, na gwada seramik, ban ji daɗinsa ba. Shiru kam yana da shi, amma takun farko da sassafe ba ya cafka kamar mai rabin ƙarfe, kuma in mota ta yi nauyi na fi natsuwa da mai ƙarfen. Ya fi ƙura, ya fi cin faifai, wani lokaci ya yi ɗan kuka, na yarda. Amma ya fi sauƙin kuɗi kuma yana jure zafi.

Ummu_Khairat:
Ai kai kaya kake ɗauka yini guda, ita kuwa yara biyu ne ko uku da jakar makaranta. Ba buƙatarku ɗaya ba.

Injiniya_Bilki:
Ku duka kuna da hujja, sai dai kalmar seramik a kwali ba ta da wani ma'auni tsayayye. Kowa na iya zuba ɗan kaɗan ya rubuta seramik. Mai rabin ƙarfe daga kamfanin kirki ya fi seramik marar asali nesa ba kusa ba. Ni sunan mai yin kayan nake fara dubawa kafin nau'in haɗin.

Maman_Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau na koma aka cire tayoyin a gabana kamar yadda Baba ya ce. Faifan dama 19.3, na hagu 19.6. Abin da ya ba ni tsoro, a dama fad ɗin ciki ya kusa kaiwa ƙarfe, na waje kuwa da sauran nama kusan rabi. A hagu duka biyun daidai suke cinyewa. Na tsakiyar da aka nuna min, ɗaya Bosch ne ɗaya TRW. Bakaniken ya kawo wata shawara, wai a kai faifan a shafe fuskarsa a inji maimakon sayen sabo, ko kuma a samo na hannu da aka ciro daga wata mota. Me kuka gani?

Tsohon_Bakanike:
Madalla da kika tsaya aka auna. Maganar shafewa a inji ta mutu: 19.3 ne, iyaka 19, in aka ɗebe ko rabin milimita ya faɗa ƙasa da iyaka. Shafewa tana da amfani ne ga faifan da ke da sauran nama sosai. Ki canza duka biyun, ba a canza gefe ɗaya, in ba haka ba mota za ta dinga fizga gefe in kin taka.

Amma abin da ya fi muhimmanci a saƙonki shi ne fad ɗin dama. Ciki ya cinye, waje bai cinye ba, wannan alama ce kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe fad ɗin biyu yana matse su a faifai, ba ta zamewa. Akwai ƙusoshi biyu da take tafiya a kansu, kowanne da 'yar robarsa. In robar ta yage, ruwa ya shiga, giris ya bushe, sai ƙusa ta kafe, fistan ya dinga tura na ciki shi kaɗai. Ko fad na zinariya kika saka, in ba a gyara wannan ba haka zai cinye. A zare su, a wanke, a shafa giris na birki mai silikon. Kada a sa baƙin giris na gama-gari, yana kumbura roba. In robar ta yage a canza, ƙaramin abu ne. A duba fistan ɗin ma ko yana komawa cikin sauƙi.

Abban_Yasmin:
Na hannu kuwa, ni na taɓa saka faifai na hannu na asali, ya yi min shekara biyu lafiya. In an auna yana da 21 ko sama, ba tsagewa, ba zurfin zane, ban ga aibunsa ba. Wani lokaci ma ya fi sabon marar suna.

DirebanDare:
Faifai wataƙila. Fad na hannu kuwa ko kyauta aka ba ni ba na so. Ba ka san zafin da ya sha ba, ba ka san ko mai ya taɓa jiƙa shi ba, kuma ya riga ya ɗauki siffar wani faifan.

Mai_Tasi_77:
Ni ko faifan ban cika so ba. Wanda ya daɗe a ajiye tsatsa takan ci cikin ƙofofin iskar inda ido ba ya kaiwa. In ka haɗa kuɗinsa da na shafe shi a inji, ka kusa kuɗin sabo.

Injiniya_Bilki:
Maman Sadiq, kafin ki biya ko wanne, ki duba lambar jikin motarki, mai haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ko jikin ƙofar direba. Yaris ta waɗannan shekarun ana haɗa ta a Japan, ana kuma haɗa ta a Faransa, kuma kayan birkin gabansu ba ɗaya ba ne. In lambar ta fara da J ta Japan ce, in ta fara da VNK ta Faransa ce. Mutane da yawa sun sayi fad na Yaris 2010 aka zo ɗaurawa ya ƙi shiga. Mafi sauƙi ki tafi da tsohon fad ɗaya da faifan a hannu a ɗora su a kan sabon: faɗi, tsayin wuya, ramukan noti 4, duk su yi daidai.

In akwai faifai mai rufin hana tsatsa, mai launin toka, kuma ƙarin kuɗin ba yawa, yana da daɗi don wuyansa ba ya yin ja. Amma kamun birki ɗaya ne, in kuɗi ya matse ki bar shi. Wanda ba shi da rufin kuma da ɗan mai a jikinsa yake zuwa, dole a wanke shi tas kafin a ɗaura, kada ya shafi fad.

Maman_Sadiq:
Na duba, da JTD ta fara. Zan tafi da tsofaffin in sha Allah. Bayan an ɗaura akwai abin da zan kiyaye?

Tsohon_Bakanike:
Akwai. Kafin motar ta motsa ko taku ɗaya, a taka feda sau da yawa har ya yi tauri, don an tura fistan baya, takun farko fanko ne. Na san wanda ya fito daga gareji da baya ya daki bango saboda mantuwar wannan. Ki lura kuma kada a bar kalifa tana lilo a jikin tiyon mai lokacin aiki, a rataye ta da waya.

Sannan ki sami hanya marar cunkoso, ki kai kamar 60, ki taka da matsakaicin ƙarfi ki sauko wajen 10 ba tare da kin tsaya ba, ki sake. Kamar sau 8 zuwa 10. Daga nan ki yi tafiyar 'yan mintuna ba birki don ya huce. Wannan ke sa fad ya shimfiɗa siririn rufinsa daidai a fuskar faifai. Kilomita 200 zuwa 300 na farko ki guji birkin gaggawa in ba dole ba. In takardar cikin kwalin ta faɗi wata hanya daban, ki bi tata.

Malam_Lissafi:
Ƙari ɗaya: ki dubi tayoyinki. In kika taka da ƙarfi har ABS, wato tsarin da ke hana taya kullewa, ya fara bugun feda, fad ya gama nasa aikin, saura ya rage tsakanin taya da kwalta. Taya mai santsi za ta tsawaita tsayuwarki fiye da duk bambancin da ke tsakanin fad na tsakiya da na kamfani.

DirebanDare:
Duk na ji, kuma na ƙaru. Amma ni a motata har gobe na kamfani zan saka, ko da zan jira wata guda. Sau uku ina gwada na waje, biyu sun yi min kuka da safe. Na kwalin kamfani bai taɓa yi ba.

Ummu_Khairat:
Malam, kukan nan sau da yawa daga ƙananan ƙarafan da fad ke zama a ciki ne, in an mayar da tsofaffi masu tsatsa. Maman Sadiq, ki tambaya ko kwalin da za ki saya yana zuwa da sababbinsu, wani yana zuwa da su wani babu. Wanda ya ɗan fi tsada amma da su a ciki yana iya zama shi ne mai sauƙin.

Hajiya_Turai_M:
Baba Tsohon Bakanike, na koma kan tawa. Jiya na sa an cire faifan, wallahi jikin hob ɗin jawur yake da tsatsa, ba a taɓa goge shi ba. An kankare an mayar, karkarwar ta ragu amma ba ta tafi duka ba. Faifan yana da 21 da ɗoriya. Shi wannan za a iya shafe shi a inji, ko shi ma sai sabo?